Ranar da Aka Cike Ramin Yaya

Yayana bakanike ne, amma a unguwarmu ba mai kiransa da haka. Mai Rami ake ce masa, tun daga direbobin haya har matarsa idan ya ɓata mata rai. Sunan ya fito ne daga garejin da ke gaban gidansa, ɗaki guda mai ƙofar ƙarfe, da dogon rami a tsakiyarsa da matakala a gefe ɗaya. Mota takan shigo ta raba ƙafa a kan ramin, Yaya ya sauka, ya tsaya a ƙarƙashinta ya yi aikinsa.

Shi ya haƙa ramin da hannunsa, shekarar da ubangidansa ya yaye shi. Bai auna da tef ba. Yana haƙa yana shiga yana tsayawa, har sai da bakin ramin ya zo daidai haɓarsa, sannan ya ajiye diga. Ramin nan ɗinka masa shi aka yi kamar riga. A jikin bangonsa ya ƙwaƙule ƙananan koguna, wannan na sifanu, wannan na fitila, wannan na kofin shayi, wancan na rediyo. Ko idonsa a rufe hannunsa ba ya ɓata hanya.

A doron ƙasa Yaya mutum ne mai tsadar magana. Sai ku wuni tare a wurin ɗaurin aure bai ce maka komai ba sai "madalla". Amma da zarar ya sauka ramin nan sai bakinsa ya buɗe. Daga ƙarƙashin mota yake yi wa direba faɗa, daga nan yake sasanta masu rigima, daga nan yake tambayar yara ko sun yi aikin makaranta. Matarsa, wadda duk gidan ke kira Umma, takan tsuguna a bakin rami ta miƙa masa abinci, sai ka ga baƙin hannu ya ɓullo ya karɓa. Ta sha cewa ta fi sanin muryar mijinta fiye da fuskarsa. Daga wannan rami abinci ya fito, da littattafai, da takalma, har da ɗakunan da ya gina a saman garejin, inda Umma take zaune yanzu.

Sai gwiwa ta fara magana. Da fari sai an yi sanyi, daga baya kullum. Likita ya duba ya ce, "Baba, tsayuwa dai ka yi yadda kake so. Amma tsuguno da durƙuso, da hawa matakala mai tsauri, ka yi ban kwana da su." To matakalar ramin Yaya ta saurayi ce, a miƙe take kamar tsani. Abin da ake bukata ke nan: a farfasa matakalar a kwantar da ita, a kafa ƙarfen da zai riƙa kamawa. Aikin birkila ne na yini guda.

Amma akwai Akawu, babban ɗansa, wanda ke aiki a wani ofis mai hawa da yawa. Ni shaida ne, yaron kirki ne, ba ya barin iyayensa su nemi abu su rasa. Sai dai tun yana makaranta yara ke tsokanarsa da "ɗan gafiya", don ubansa a rami yake wuni, kuma wannan ƙayar ba ta taɓa fita daga ƙafarsa ba. Ran nan ya zo da wayarsa, ya nuna mana hoton wani gareji fari fat, mota a rataye a sama, wani mutum yana yawo a ƙarƙashinta kamar a tsakar gida.

"Baba, ka gani? Na'urar ɗaga mota ke nan. Maɓalli kawai za ka danna. Ka daina sauka wurin mota, ita za ta riƙa tasowa wurinka."

Yaya ya riƙe wayar nesa da fuskarsa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Madalla."

"Baffa, ka sa baki mana," in ji Akawu, yana kallona. "Shekarunsa sun wuce na shiga rami. Ni ba zan iya ba, abokaina su zo gaishe shi, a ce ku leƙa ƙasa."

Muka ɗunguma mu uku zuwa shagon masu sayar da kayan gareji. Dillalin da ya tarbe mu irin mutanen nan ne da za su iya sayar maka da inuwar gidanka ka yi godiya. Ya nuna mana mai ƙafa biyu, wadda ke sa hannaye a ƙarƙashin mota ta ɗauke ta, tayoyi na lilo. Yaya ya girgiza kai, don sai mutum ya durƙusa ya saita hannayen kafin a ɗaga. Ya nuna mana mai ƙafa huɗu, wadda mota ke hawa kan faffaɗan ƙarafa biyu, tsakiya a buɗe. A nan idon Yaya ya ɗan yi haske.

"Wannan ta san abin da take yi," ya ce. "Rami ne aka juya shi sama."

"Ranka ya daɗe, ai kai malami ne!" in ji dillali. "Nawa ne tsayin garejin?"

Akawu ya faɗa masa, don da safe shi da ubansa sun ja tef daga ƙasa zuwa silin. Dillali ya dubi ginshiƙan na'urar ya ce za su shiga har da rara. Gaskiya ya faɗa, sun shiga har da rara. Sai dai mota ba a cikin ginshiƙi take zama ba, a samansa take ƙarewa, da rufinta da komai. Akawu bai san wannan ba, aikinsa takarda ne. Ni ban sani ba. Yaya kuwa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna ƙasa, kafin safiyar nan bai taɓa samun dalilin ɗaga kai ya auna sama ba. Silin a wurinsa wurin yanar gizo-gizo ne kawai. Amma dillalin nan da ke sayar da abin nan safe da yamma fa? Ya sani sarai. Tambaya ɗaya ce a bakinsa, ya haɗiye ta don kada ciniki ya ɓaci. Bai tsaya nan ba, sai ya ƙara da cewa, "Ramin nan kuma a cike shi, a zuba kankare, ƙasa ta zama sumul. Tsohon yayi ne." Akawu ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka sauke wa kaya.

Ranar da za a cike ramin, Yaya ya sauka a hankali, yana dafa bango, ya kwashe kayan kogunan ɗaya bayan ɗaya yana miƙo wa Umma. Sifanu, fitila, rediyo, kofi. Na tsuguna na ce masa ƙasa-ƙasa, "Yaya, ka yarda da wannan abin kuwa?"

"Yaro ya yi abin kirki. In ce masa me?"

"Ka ce masa ka fi son ramin ka."

"Kai dai ba ka da ɗa namiji," ya ce, ya miƙo min hannu na jawo shi.

Baro ya riƙa shiga da tsakuwa yana fita fanko. Ƙarar zubarta a farko mai zurfi ce, kamar ana magana a cikin rijiya, sai ta riƙa tasowa, tana raguwa, har ta zama ƙarar tsakuwa a kan tsakuwa. Umma na tsaye a bakin ƙofa da kofin shayin a hannunta. Ta ce, "Saura a yi addu'a a watse." Akawu ya ce, "Haba Umma, wace irin magana ce wannan!" Kafin la'asar an shafe wurin da kankare. Yaya bai kalla ba, yana waje yana wanke sifanun da ba su da datti.

Da kankare ya bushe masu kafawa suka zo. Babbansu dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya son surutu. Suka tayar da ginshiƙai huɗu, suka huda ƙasa suka ɗaure su da manyan kusoshi, suka ja igiyoyin ƙarfe, suka haɗa wuta. Abin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, ja wur yana sheƙi. Maƙwabta suka taru. Wani direban haya, tsohon abokin cinikin Yaya, ya ce motarsa ce za ta fara hawa ko a yi rigima. Ya hau da ita ya fito. Akawu ya ɗaga waya yana ɗauka.

"Bismillah, Baba. Danna."

Yaya ya danna. Mota ta fara tashi a hankali, mutane suna tafi. Tayoyi suka wuce gwiwa, suka wuce ƙugu.

"Tsaya! Tsaya!" Mai kafawa ne ya daka tsawa, ya buge hannun Yaya daga kan maɓalli.

Duk muka ɗaga kai. Tsakanin rufin motar da silin, tafin hannu ba zai shiga a tsaye ba. Silin ɗin kuma ba kwano ba ne balle a ɗaga shi, kankare ne, gadon Umma na kansa.

Yaya ya matsa kusa da motar. Cikinta ya tsaya daidai ƙirjinsa. Ya sunkuyar da kai, bai isa ba. Ya fara lanƙwasa gwiwa, na ga fuskarsa ta canza, ya kama ginshiƙi ya miƙe da ƙyar. Mai kafawa ya dubi sabon kankaren da ke tsakanin ƙarafan, ya ga shatinsa ya bambanta da tsohon, ya ce, "Rami ne a nan da? To me ya sa kuka cike? Ai irin wannan a kan rami take zama lafiya lau."

Garin neman gira an rasa ido. A cikin rami mutumin nan a miƙe yake tsayawa kamar soja, ba abin da ke damun gwiwarsa sai 'yan matakala. An zo a ɗaukaka shi, an bar shi ba tsaye ba, ba zaune ba. Akawu ya kira dillali a gabanmu, muna jin muryarsa a waya: "Yallaɓai, ginshiƙi kuka tambaye ni ko zai shiga, kuma ya shiga. Abin da aka riga aka huda ƙasa aka ɗaure ba ya dawowa shago." Allah ya isa ba ta cikin halina, amma ran nan sai da ta zo min har leɓe.

Daga nan Yaya ya koma benci a ƙofar gareji. Mota ta zo da ƙarar salansa, ya saurara, ya faɗa wa mai ita abin da ke damunta, ya kwatanta masa wani gareji a bakin titi. Rediyo yana kan taga ba mai kunna shi. Unguwa ta yi shiru ta wata fuska da ba mu saba ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Duk wanda ya tambaye shi na'ura sai ya ce, "Madalla." Akawu ya rage zuwa, in ya zo ma ba ya kallon garejin.

Umma ce ta tare Akawu ran nan a soro, ina zaune ina ji.

"Kai, zo nan. Ka fito da shi daga rami, ka ajiye min shi a benci kamar kayan wanki. To ni ban san wannan mutumin ba. Nawa mijin surutu gare shi."

"Umma, ni fa alheri na nufa."

"Wa ya ce ka nufi sharri? Kunyar rami kake ji, ko? Takalmin da ka je makaranta da shi daga ina ya fito? Daga sama?"

Ranar hutunsa ta gaba sai ga Akawu da sassafe, sanye da tsohon wandon ubansa, da guduma a kafaɗa, da dattijon nan mai kafawa a bayansa. Ya tsaya gaban benci ya miƙa wa Yaya alli.

"Baba, ka zana min inda zan fasa."

Yaya ya dubi allin, ya dubi ɗansa. Ya tashi ya shiga. Mai kafawa ya nuna masa iyakar da ba za a matsa kusa da ginshiƙai ba, Yaya kuma ya ja layi biyu a tsakiya, kusan a kan shatin tsohon ramin. Ya ce zurfin gwiwa ya isa, tunda na'ura ta ɗauki rabin aikin, kuma ba matakala, gangare za a yi mai sauƙi kamar na baro.

Kankaren nan ba a yi masa rowar siminti ba, Akawu da kansa ya tabbatar da haka, yanzu kuma shi ne a kansa da guduma. Kafin azahar tafin hannunsa ya yi ruwa ya fashe. Na ce a kira leburori, ya ce a'a. Direban haya ya leƙo ya ce, "A'a, ɗan gafiya ya fara haƙa nasa!" Na zaci ran Akawu zai ɓaci. Ya share gumi ya ce, "Gado ne, ba karambani ba."

"Riƙe ta daga ƙarshen ƙota," in ji Yaya, "ba biro ba ce. Ka bar guduma ta faɗi da kanta." Maganar da ta fi kowace tsawo ke nan da na ji daga bakinsa tun ranar da aka danna maɓalli.

Yanzu akwai rami a garejin, gajere, da jar na'ura a kansa. Manyan motoci masu dogon rufi ba sa samun tashi yadda ya kamata, dole Yaya ya sallame su, har da wata motar burodi da yake kula da ita tun tana sabuwa. Kogunan bango ba su dawo ba, sifanu a kan wani tebur mai taya suke, kuma har yanzu hannunsa yakan kai wa iska cafka inda kofi yake a da. Ni ban huce ba. Duk lokacin da na bi ta gaban shagon nan na hango dillalin yana washe haƙora ga wani sabon baƙo, sai na tsallaka titi.

Jiya da hantsi na je gaishe da Yaya. Motar haya na sama, ban ga fuskarsa ba, sai jikinsa a cikin rami, a miƙe. Rediyo na yi. Na yi sallama.

"Wa ke nan? Kai ne? To kauce min daga haske. Ka ce wa mai motar nan in ya sake zuba min irin wannan man, ya nemi wani uban. Umma! Shayin nan sai na rubuto takarda ne?"