Malam Sada, Likitan Tudun Gawo

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 6 ga watan Agusta, 2025, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Sada Ɗantsoho a gidansa da ke Daura. Ina bakin aiki a ƙauye a lokacin. Sai washegari da na hau tudun bayan gari wayata ta kama, saƙon ya shigo. An riga an kai shi makwancinsa.

Malam Sada, ni ne Yazid, wanda ya gaje ka a asibitin Tudun Gawo. Tunda ban samu sallarka ba, bari in faɗi abin da na sani game da kai.

Na san ka ne shekarar da aka fara tura ni aikin ƙauye a ƙasar Baure, gab da iyakar Nijar. Ina wani ƙaramin asibiti gabas da naka. Naka ɗaki biyu ne da rumfa, ɗaya na marasa lafiya, ɗaya naka, daga kai sai katifa da risho da akwatin sanyi na allurar rigakafi. Ranar da na zo gaishe ka na tarar kana tuƙa tuwo da kanka, duk ya yi gudaji. Ka ce mini, "Yazid, aikin nan ba shi da wuya. Wuyar ita ce ka kwashe tuwo ka rasa wanda za ka ce wa bismilla." Dariya na yi a ranar. Ban yi wata biyu ba na daina dariyar.

Takardarka ta jami'in lafiya ce, amma mutanen garin Likita suke ce maka, don ba su taɓa ganin wani ba. Kai ne mai allura, kai ne mai ɗinke sara, kai ake tasa idan kunama ta harbi yaro. Kowa ya san ka, kowa yana girmama ka, amma da an idar da magariba kowa sai ya shige gidansa wurin iyalinsa, kai kuma ka koma ɗakin nan. Sau da yawa na hango ka da yamma a kan tudu, tsakiyar gero, ka ɗaga waya sama kana neman muryar mai ɗakinka Maimuna. Wani lokaci ka samu, wani lokaci ka sauko haka nan.

Wata rana muna faci a bakin hanya, tayar babur ɗinka ta sace, ka ba ni labarin autarka Siddiƙa. Ka je gida bayan dogon lokaci, ka miƙa mata hannu, sai ta ruga bayan uwarta tana cewa, "Umma, an yi baƙo." Kana ba ni labarin ba ka ɗago kai daga tayar ba.

Ba zan manta daminar da aka kawo maka Kulu ba, matar wani makiyayi mai suna Mati. Ta haihu a ruga, jini ya ɓalle. Inna Kande, ungozomar garin, ta yi iya yinta, ta ce wannan ya fi ƙarfinta. Kai ma ka san sai babban asibiti. Rafi kuwa ya kawo, babur ba ya wucewa. Ka sa mata ƙarin ruwa, aka kwantar da ita a amalanken shanu, kai kuma ka bi gefe a ƙasa, ka ɗaga ledar ruwan sama da hannunka. Haka ka shiga rafin, ruwa har ƙirji, ba ka sauke hannun ba sai da kuka kai titi aka samu mota. Kulu ta rayu. Da Mati ya dawo da rago ka ƙi karɓa, ya matsa sai ka faɗi abin da kake so, sai ka ce ya riƙa biyowa ta wurinka ranar kasuwa ku ci abinci tare. Bai fasa ba har suka tashi da shanunsu suka yi kudu.

Ba kullum ake dacewa ba. Shekarar baƙon dauro a garin ka yi sallar layya, kana bin gida-gida. Wani jariri ya cika a hannunka, kai ka ɗauke shi zuwa maƙabarta saboda ubansa ya tafi cirani. Da na zo washegari na same ka zaune a rumfa, abin da ka iya cewa kawai shi ne, "Ba mu iso da wuri ba."

Shekara da shekaru kana neman a mayar da kai gida. Sai bara aka amince, lokacin hawan jini ya riga ya taɓa maka ƙoda. Na ziyarce ka a Daura da azumi, na same ka a ƙofar gida kai kaɗai a kan tabarma. Abokan da ka bari wasu sun rasu, wasu kuma hirarsu ta wuce ka. Ka riƙa tambayata mutanen Tudun Gawo ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ke ƙin shan maganinsa. Da zan tafi ka ce, "Ina can ina kewar nan, yanzu ina nan ina kewar can."

Ni na kai wa garin labarin rasuwarka. Na fara da liman, sannan na shiga wurin Inna Kande, na same ta tana tsince wake. Ta ajiye faifan. Can ta ce, "Ɗan nan, da wani a kusa da shi?"

Na ce, "Iyalinsa duk suna nan, Inna. An ce hannunsa na cikin na Siddiƙa."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi. Ya riƙe na mutane da yawa a garin nan."

Ya Allah, ga bawanKa Sada ya zo maKa. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, kada Ka bar shi cikin kaɗaici a can. Ka sanya wahalar da ya sha ta zama kaffara, Ka haɗa shi da salihan bayinKa a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Maimuna, da 'ya'yansa Abbas da Haulatu da Siddiƙa, da 'yan'uwansa, da mutanen Tudun Gawo, da abokan aikinmu da ke warwatse a ƙauyuka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.