Takalman Hannun Illa

Har gobe ban manta da ranar da muka yi maci zuwa buro, wato ofishin kwamanda, a Gidan Runji ba, lokacin da ƙasa ke haramar fita daga mulkin soja. Ku da kuka tarar da ni ina koyarwa, ku sani a ƙungiyar ɗalibai na fara aiki, kuma ba ko sisi. Ina ajin ƙarshe na koleji. Mu bakwai ne a kwamiti, sakatare janar a sama, ni a can ƙasa, wakilin naƙasassu da 'yan ƙauye. Kujera ce da kowa ya ƙi, aka ce Hamisu ba ya musu, aka ɗora mini.

Cikin waɗanda nake wakilta akwai Illa, ɗan Cadakori. Shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana ƙarami, da hannu yake tafiya, yana riƙe da wasu takalman katako guda biyu. Teburan lakol, wato makarantarmu, haɗe suke da benci, ba ya iya shiga, don haka a tabarma yake rubutu. Ga jarrabawar fita saura kwana tara, dokarta kuwa kowa ya zauna a teburin da ke ɗauke da lambarsa. Daraktan kolejin ya ce sassaucin ya fi ƙarfinsa, sai dai daga sama. Na yi wa Illa alkawarin maganarsa za ta shiga takardar koken da za mu kai wa kwamanda, wato shugaban gundumar.

Ana gobe maci, Laminu, sakatare janar, ya sa biro ya soke buƙata ta shida, wato ta Illa.

"Kamarad, wannan matsalar mutum guda ce. Mu yaƙin jama'a muke."

Na buɗe baki, sai na tuna a lokacin duk wanda ya ja da kwamiti sunansa maci amana, a rubuta shi a allo, kowa ya daina gaishe shi. Na haɗiye maganata. Abin da ya fi muni, na tarar da Illa a bakin ƙofa yana jirana, ya tambaye ni, na ce masa komai daidai.

Da hantsi muka fita, a tsorace, don ba a daɗe da harbin ɗalibai a Yamai ba, ga jandarmomi jere a gaban buro. Illa ya biyo mu a amalanken jaki, wai yana so ya ji an karanta sunansa. Kwamanda ya shanya mu sai da rana ta take sannan ya fito.

A ƙa'idarmu sakatare kaɗai ke magana. Laminu ya karanta ɗaya zuwa biyar, ya naɗe takarda. Illa ya juyo ya dube ni. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na yi ta ce wa kaina in yi magana, harshe ya ƙi.

Sai na ga ya sulalo daga amalanken. Bai zo da takalmansa ba, don bai zaci zai sauka ba. Ya dafa rairayin nan mai zafi da mai takalmi ma ke ɗaga ƙafa, ya nufi matakala. Wani jandarma ya gyara riƙon bindiga. Kwamanda ya ɗaga hannu a ƙyale shi.

"Ranka shi daɗe," in ji Illa, "ba ni son komi, sai dai a bar ni in rubuta jarrabawa bisa tabarmata."

Kwamanda ya dubi Laminu. "Wannan ba ya cikin takardarku?"

Nan take kwamandan ya ce zai yi wa masu jarrabawa waya, kuma ya yi.

Tafukan Illa duk sun tashi, suka ɗuri ruwa. Haka ya rubuta jarrabawar a tabarmarsa, hannu naɗe da tsumma, biro na zame masa. Allah ya taimake shi ya ci. Da na je ba shi haƙuri, sai ya ce, "Hamisu, ban ga laihinka ba don ka ji tsoro, kowa na jin shi. Amma da ka hwaɗa mini gaskiya, ai da na taho da takalmana."

Tun daga ranar, duk wanda ya ɗora mini buƙatarsa, in ta gagare ni, da ƙafata nake zuwa in gaya masa ta gagara, ya samu ya ɗauko takalmansa.