Sunan da Ba a Faɗa Ba

A Dauran na tashi, a hannun kakata Inna Tumba. Bayan sallar isha'i takan tara mu bakin murhu, ta tura kara cikin wuta, ta ce, "Ga ta nan tahe, mai gyangyaɗi shi tashi."

Akwai tatsuniyar da ba na mantawa. Wata mata ta je cin kasuwar Shinkafi da ɗanta na fari, ya ɓace mata a cikin jama'a. Ta sami mai shela, ya ce, "Hwaɗi sunanai in kira." Mace kuwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Yaron nan." Ya yi ta lallashi, ita kuma kunya ta ɗaure mata harshe, har kasuwa ta watse. Nan ta rikiɗe ta zama kurciya. Inna ta ce shi ya sa kukan kurciya kira ne wanda babu suna a cikinsa.

Na girma, na yi karatun zaure gaban wani malami a Zurmi, Allah ya jiƙansa. Ya biya mana wani littafin fiƙihu rubutun hannu, wanda warƙarsa ta farko, takardar da ke ɗauke da sunansa da na mawallafinsa, ta daɗe da zagwanyewa. "Mai littafi ya ce," haka yake farawa kullum. Ladabi ya hana mu tambayar ko wane ne mai littafin. Malam ya rasu, gara ta cinye takardun, abokan karatuna suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Da shari'a ta kafu a Zamfara, sai manoma suka riƙa kawo mini mas'alolin iyakar gona. Amsoshin suna cikin littafin nan, amma fatawa ba ta tsayuwa sai da madogara. Bayan shekaru aka ce mini ana iya neman littattafai ta kwamfuta, sai na tafi wani laburare a Ƙaura.

Ma'aikacin ya buɗe kundin littattafansu na intanet, ya ce, "Allah gafarta Malam, sunan littafin ko na mawallafin."

Na ce, "Mai littafi muke ce masa."

Ya rubuta abin da na haddace na wani babi. Babu abin da ya fito. Na zauna ina duban gurbin sunan, fari fat.

Kunya ado ce, ban taɓa musu ba. Amma sunan da aka rufe don girmamawa, tare da masu girmamawar ake binne shi, kuma ni kaɗai na rage.

Na tuna na taɓa tambayar Inna, "To, mi as sunan yaron?"

Ta tura kara cikin wuta, ta ce, "Ɗan nan, ni ma ba a hwaɗa mini ba."