Gyaɗar Habu

Har yau in na ji an kira yaro jaki, raina sai ya tashi. Sunan da aka laƙa wa ƙanena Habu ke nan a lakwal, makarantar boko, don in an yi dikte, malam na faɗa yara na rubutawa, sai ya haɗiye rabin kalma, ya juya sauran. Ziro kullum, bulala kullum. Baba ya ce in ya sake maimaita aji, to ya gama boko, gona tana jira.

Lokacin sanyi, bayan isha'i, Kaka takan hura wuta a tsakar gidanmu na Matameye, ta zube mana gyaɗa mu ɓare. In ba ka ɓara ba, ba tatsuniya. Ran nan Habu ya zauna can gefe, bayansa duk shatar bulala.

"Matso nan, angona," in ji Kaka. "Wa ya taɓa mini miji? Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne."

Wai an yi yunwa, dabbobi suka sami zangarniyar gero, amma sai an shigar da ita rami ta wata 'yar ƙofa. Kura ta cusa ta gaba ɗaya, ta maƙale, ta hau zagin ramin. Tururuwa ta zo tana ɗaukar ƙwaya ɗaya-ɗaya tana waƙa, har ta kwashe.

Da aka zo waƙar, Kaka ta tura wa Habu ƙwarya. "Kar ka haɗiye mini ita kamar kura. Duk gaɓa ɗaya, jefa gyaɗa ɗaya."

Habu ya fara, "Tu, ru, ru, wa."

Gyaɗar tana faɗawa, ƙwas, ƙwas. Ya tsallake ɗaya, ta ce, "Ka bar wata a waje, je ka ɗauko ta." Ba tsawa, ba duka. Ita ba ta san harafi ba, sai ni nake zana masa kowace gaɓa a toka da tsinke. Haka muka riƙa yi, har da kalmomin Faransanci. Kunnensa ya fara rarrabewa, dikte ta fara ɗagawa daga ziro.

Amma ba ta ɗaga da saurin da Baba yake so ba. Ƙarshen shekara ya faɗi, aka cire shi. Kaka ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Baba ya ce, "Inna, ba da gyaɗa ake cin jarrabawa ba."

Sai da na kai kwaleji na ji ashe matsalar Habu tana da suna, kuma irin waɗannan yara lokaci kawai suke buƙata. Lokacin ne aka hana Habu.

Bara sai ga Habu ya shigo mini da 'yarsa Nana, littafinta duk jan biro. Ya ce, "Yaya, jakancina ta gado. Gara a cire ta."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Sun faɗa masa har ya yarda.

Na ce, "Ka sake faɗin kalmar nan a gidana, ka ga abin da zan yi maka. Zauna." Na ɗauko ƙwarya da gyaɗa na dire a gabansa. "Kai ka san waƙar. Koya mata."