Malamar da take duba insha'i da kunne

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina cikin aji da alli a hannuna, mataimakin shugaban makaranta ya tsaya a bakin ƙofa ya yafito ni. Tun daga yadda ya kasa haɗa ido da ni na san ba lafiya ba. Ya ce Allah ya yi wa malamar insha'i ta ajin ƙarshe rasuwa da safiyar nan a asibiti, bayan gajeriyar jinya. Allah ne ya ara mana ita, kuma shi ya karɓi abinsa. Ita ce abokiyar zamana a ɗakin malamai, teburinmu ɗaya, wadda nake kira Yaya ko da yake ba mu haɗa jini ba.

Yaya, na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Tsoro nake ji in rubuta miki abin da kowa yake rubuta wa mamaci, domin ke ce mutumin da ba ta yarda da rubutun aro ba.

Lokacin da na zo makarantar nan ina sabuwar malama, na ɗauka duba insha'i shi ne farautar kuskure. Wata rana kika leƙo littafin wani yaro da na gama dubawa, shafin ya yi jawur da jan biro. Kika gyara gilashinki, kika tambaye ni wa aka yanka a nan. Ɗakin malamai ya ɗauki dariya, ni kuwa kamar in nutse. Da aka watse kika jawo kujera kusa da ni, kika ce yaron da aka nuna wa kurakuransa duka rana ɗaya ba zai gyara ko ɗaya ba, rufe littafin kawai zai yi. In zaɓi guda, in bar sauran zuwa wani makon. Ban ji daɗin maganar ba a ranar, amma da ita nake aiki har yau.

Ke ba kya ba da maki a rubutun farko. Akwai wani gajeren benci da kike ajiyewa a gefen teburinki, ɗalibi ya zauna ya karanta abin da ya rubuta da bakinsa, ke kuma ki rufe ido kina saurare. In muryarsa ta koma ta hadda, ta fara gudu tana hawa da sauka, sai ki ɗaga hannu ki ce, “Tsaya. Nan ba kai ba ne.” Ba kya zagi, ba kya tambayar inda ya kwaso. Sai ki ce ya ba ki labarin da baki kamar yadda zai ba kakarsa, in ya gama ki ce to abin da ya faɗa yanzu shi zai je ya rubuto. Saboda haka yara suka laƙaba miki Malama Sake, kin kuma san da sunan, har amsawa kike yi.

Ba zan manta da shekarar da kika ba su insha'i mai taken “Ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba” ba. Kika shigo ɗakin malamai fuska a murtuke, kika ce mu tashi mu tafi gaisuwa, rabin ajinki sun rubuto cewa sun rasa kawunnansu a haɗarin mota ɗaya, a kwanar hanya ɗaya, kuma duk ranar ana yayyafi. Muka yi dariya har da hawaye. Amma da kika koma aji ba dariya kika yi musu ba. Kin tambaye su ko a gidajensu ba a taɓa haihuwa ba, ba a taɓa tashi daga gidan haya ba, tukunya ba ta taɓa kifewa ana jiran abinci ba. A makon da ya biyo baya wani yaro ya rubuto ranar da mahaifinsa ya koya masa keke a bayan gida, ya sake shi bai sani ba. Kin karanta mana shi sau biyu.

Akwai kuma yaron nan mai in'ina, wanda karatu a gaban mutane yake zame masa azaba. Shi ba kya sa shi a benci. Lokacin hutun tara kike fita da shi baranda, ki juya masa baya kina kallon fili, ya karanta a hankali yadda ya iya. Ya zo gaisuwa, yanzu magidanci ne, ya zauna a ƙofar gida yana ta kuka.

Sai dai, Yaya, kin tafi kin bar ni da rigimar da ba a gama ba, ita ce kuma take hana ni sukuni.

Sakamakon bara bai yi kyau ba a takardar insha'i. Iyaye suka yi ta zarya ofishin shugaban makaranta, suna cewa a wasu makarantu ana ba yara insha'i shiryayye su haddace, su zuba a jarrabawa su ci. Shugaba ya sa aka buga irin waɗannan, ya kawo miki. Kika ƙi karɓa. Ya ce masu duba takardun jarrabawa ba su san yaranmu ba, ba su da lokacin sauraron muryar kowa, tsawon rubutu suke dubawa da tsarin da suka saba gani. Kika ce ke an ɗauke ki ki koyar da rubutu ne, ba kwafe ba. Na ji muryoyinku har baranda. Ban ga laifinsa duka ba, shi ma yaran yake ji, kuma shi iyaye suke tarewa a hanya. Ba a yi mako da wannan ba kika kwanta jinya.

Yanzu ajin yana hannuna, jarrabawa kuma ta matso. Takardun nan da kika ƙi karɓa, a kan teburinmu na tarar da su.

Kin san yarinyar nan 'yar tela, mai zama kusa da taga. Ita ce kika fi yi mini zancenta. Rubutunta gajere ne, a hankali take yinsa, ba ta iya buɗewa da manyan kalmomi ba, amma in ta kwatanta ɗakin ɗinkin mahaifiyarta sai ki ji ƙarar keken. Aikin jinya take son karanta. Mahaifiyarta ta same ni bayan addu'ar uku, ta riƙe mini hannu, ta ce idanunta sun fara gajiya da zare. In yarinyar ta ci, za ta daure ta bar ta ta wuce. In ba ta ci ba, keken yana jiranta, babu zancen maimaitawa. Ta ce, “Malama, ni ban san insha'i ba. Ki ba ta abin da ake ci da shi.”

Na yi kwanaki ina juya maganar. Daga ƙarshe na ɗauki alli na rubuta musu insha'in shugaba a allo, daga farko har ƙarshe. Ban taɓa jin ajinki ya yi tsit irin na ranar ba, sai ƙarar biro kawai. Babu wanda ya yi mini musu, kuma da sun yi da na fi samun sauƙi.

Da na ba su gwaji, yarinyar ta rubuto shafi biyu cif, abin da ba ta taɓa yi ba. Babu kuskure ko ɗaya. Duk abin da masu duba jarrabawa suke nema yana ciki, sai dai babu keken ɗinki, babu mahaifiyarta, babu ita. Na ba ta maki mafi yawa da ta taɓa samu, domin bisa tsarin da aka ba ni nata ne. Na miƙa mata ina murmushin dole, na ce in ta yi haka ranar jarrabawa ta ci. Ta daɗe tana kallon makin, sannan ta ɗago ta ce, “Da Malama ce, cewa za ta yi in sake.”

Ta ninke takardar ta koma wurin zamanta.

Wataƙila za ta ci, Yaya, ina kuma roƙon Allah ta ci. Amma ban sani ba ko taimakonta na yi ko kuwa na karɓe mata abin da kika shekara kina gina mata. Da kina nan da na jawo kujera na tambaye ki, ki yi mini faɗa, mu rabu muna dariya. Yanzu kujerarki an mayar da ita wani aji, ni kaɗai nake zama a teburin.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo gare ka. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata makwancinta, ka sa haƙurin da ta yi da 'ya'yan mutane ya zame mata haske. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, wanda ya jure jakar littattafai a kan tabarmar cin abinci shekara da shekaru, da 'ya'yanta, da ƙannenta, da Inna mahaifiyarta, wadda ta ce mini ba ta zaci 'yarta za ta riga ta tafiya ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ta bari. Yaran ajinta kuma Allah ya ba su nasara, ni da aka bar wa su ya nuna mini daidai. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.