Laoban Mai Asuwaki

A bakin wani shagon jallabiya a titin Guangyuan Xilu, can ƙasar China, yake zaune, gajeren ɗan China mai furfura, ya naɗe singileti zuwa saman tumbi saboda zafi. Yatsunsa biyu sun rine da taba, amma abin da ke tsakaninsu yanzu asuwaki ne, an yanke shi daidai tsawon karan sigari. Yakan ɗan tauna, ya cire, ya kaɗa shi kamar mai kakkaɓe toka. Babu wata toka, hannun ne bai samu labari ba tukuna.

Zulaiha, Bakanuwar da ke yi masa tafinta, ta ga ina kallonsa. Ta ce, "Laoban ke nan, maigidana. Asibitin gwamnati yake zuwa, ɓangaren masu son barin taba. Su suka ba shi filastar rage sha'awar taba da ke damtsensa, har waya suke yi masa. Asuwakin kuwa tsarabar wani Alhajinmu ce."

Dalilin barin tabar kuwa, ina jin jika aka haifa masa, ko kuma tari ne ya ba shi tsoro.

Sai ga maƙwabcinsa ya miƙo masa sigari da hannu biyu, gaisuwar da ba a cika ƙin karɓa ba a nan. Laoban ya daɗe yana kallonta. Can ya zaro kwalin taba daga aljihu ya buɗe: asuwaki ne jere reras. Ya miƙa masa ɗaya, shi ma da hannu biyu, yana ƙyalƙyala dariya.

An ce mashaya taba a ƙasar nan sun fi mutanen Najeriya yawa. To, a cire mutum ɗaya.