Habbanayen Laka

Shekarar nan ruwan wanka da fitsarin gidana suka mai da lungunmu na Dakoro wurin da ko jaki sai ya toshe hanci. Maƙwabcina ya tare ni a ƙofa.

"Malam, in Sallah ta zo zarnin nan bai tafi ba, meri, ofishin magajin gari, za ni kai ƙara, a toshe maka rami."

In an toshe, zogalena da ke shan ruwan ya mutu ke nan, ga rani ya kankama.

Ɗan ƙanena, wanda ya karanto aikin ruwa a Yamai, ya gina mini ramuka biyu. Ya ce zarnin na azot ne, wani sinadari da ke cikin fitsari, kuma akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani masu cin shi. Na ramin farko, mai tsakuwa, sai da iska suke aiki. Na rami na biyu, rufaffe, ba su ƙaunar iska, su ke ƙarasa shi ya tashi sama ba wari.

"Wato garke biyu za ni kiwo?"

"I, Baba, amma sai sun hayayyafa."

Na kasa zaune na kasa tsaye. Na yi ta zagaya ramukan ina shinshina har takalmina ya cinye. Uwargida ta ce in dai sintiri ke sa haihuwa, da mun cika makiyayar Azagor da garke. Sallah na matsowa, zarni na nan daram, maƙwabci na wucewa yana tari da gangan.

Na sake kiran yaron. Ya ce in an samo laka daga ramin da ya riga ya kama, za su yi sauri. Na ce ashe habbanaye ne! Yadda Bafillace ke ba abokinsa aron saniya, ta haihu masa, sannan ya maido ta.

Wani abokina a Maradi yana da irin ramin. Na je na ciko bido, wato jarka, da lakarsa na shigo mota. Wallahi har tumakin da ke bisa kaya sai da suka juya mini baya. Ina isowa na juye lakar a ramukana.

Ranar Sallah maƙwabci ya zo barka. Ya tsaya bakin rami, ya ja numfashi, ya sake ja. Zarni babu.

"To, Malam," ya ce, "bayan gidana ma ya fara. In sun haihu, a ba ni aro."

Na ce sai na maida uwar Maradi tukuna.